Tsakanin Kabbara ta Biyu da ta Uku

A wani gidan wanki da guga na Whitechapel na fara jin su, bayan maigidan da ya kawo ni London a matsayin kuku ya koma gida, ni kuma na zauna. Wasu samarin Turawa ne su uku, ba ganga ba garaya, sai na'urori masu maɓallai. Na'urar ce ke kiɗan, ba ta gajiya, ba ta kuskure. Ina jin abin da ya kama ni ke nan, don ni mutum ne da kan sauko daga bas ya koma ya duba ko ya kashe dutsen guga.

Mai kaset ɗin da na ji su a ciki abokin aikina ne, mutumin zangon Kumasi, ya girme ni sosai. Yaya nake ce masa. Shi kuwa tun da ya ga yadda nake maimaita alwala ya laƙaba mini Sarkin Shakka.

"Sarkin Shakka, bar famfon nan haka, fata zai tashi," in ji shi. "Zo ka ji wannan waƙa, ya fi na jiya."

Mukan danna injin guga daidai da bugun kiɗan, tururi na tashi. Turancin ba duka nake ji ba, ban kuma damu ba. Duk kaset ɗin da suka fitar tare muke zuwa saye, mu yi ta gardamar waƙar da ta fi daɗi. Akwai wata mai sanyi da ke farawa kamar ɗigon ruwa a bokiti, ita ce tasa. Shekaru muka yi a haka.

Ya rasu cikin hunturu, a tsakiyar mako. Maƙabartar can bayan gari take, mu kaɗan muka samu zuwa. Muna tsaye da makara aka ce an soke jirgin da liman zai hau, ga ma'aikatan maƙabarta suna ta duba agogo. Wani tela ɗan garin su Yaya ya tura ni gaba.

"Kai ka fi mu kiyaye addini. Wuce."

Na ce karatuna bai kai ba. Ba wanda ya saurare ni.

Na yi kabbarar farko lafiya, na yi ta biyu. Ina cikin addu'a sai ɗigon waƙar nan ya fara a cikin kaina, kiɗan ya biyo baya, muryar ma ta shigo. Na san leɓena suna motsi. Abin da ban sani ba har yau shi ne, addu'ar suke yi ko waƙar. Na dai farga bakina ya ce Allahu akbar, na cika saura, na yi sallama, aka sa shi a ƙasa.

Sallar jana'iza ba ta da sujada, balle a yi ƙabli ko ba'adi a gyara. Kuma ni ne liman. In tawa ta ɓaci, ta na bayana ta ɓaci, Yaya ya shiga kabari ba salla.

Na je na sami wani malami a masallaci na faɗa masa.

"Ka furta da ƙarfi?"

"A'a, Malam."

"To waswasi ne. Shakkar da ta zo bayan an gama ibada ba a bin ta. Je ka riƙa yi masa addu'a."

Na yi godiya na fito. Ina ɗaura takalmi na tuna tawa ba bayan an gama ta zo ba, a ciki ta zo. Kunya ta hana ni komawa.

Na tattara kasakasan duka na ba maƙwabciyata. Abin sai ya ƙaru, shirun ɗakin ya ba waƙar wuri, tana bi na jirgin ƙarƙashin ƙasa, tana bi na sahu. Kafin bazara na sake sayen kaset ɗin. Na gano in na saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe, ba tare da na katse ba, takan ɗaga mini ƙafa na ɗan lokaci. Na ci gaba da sayen sababbin nasu har aka koma faifan CD, muryar mawaƙin ta yi kauri, ni ma na yi furfura. Kamar mai shan magani nake saurare, amma har yanzu tana mini daɗi, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Ban sake yi wa kowa limanci ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in na haɗu da telan nan a wani suna a Tottenham. Shi ne ya tsaya daidai bayana a ranar jana'izar. Na daɗe ina kewaya shi kafin na zauna kusa da shi.

"Baba, ranar jana'izar Yaya, ka ji abin da nake karantawa?"

Ya ajiye lomar da ya ɗebo.

"Ban ji komai ba, iska ya yi yawa. Na dai ga dunduniyarka yana motsi."

"Motsi kamar yaya?"

"Sanyi mana. Dukanmu rawar ɗari muke yi."

Don ya nuna mini, ya riƙa buga cokali a gefen faranti, a hankali, bugu ɗaya bai fi ɗaya tsawo ba. Sannan ya ci gaba da cin shinkafarsa. Na yi hunturu da yawa a garin nan, ban taɓa ganin rawar ɗari mai tsari irin wannan ba.