Audugar Yayan Guilan

Shekaru da yawa kujerata na kusa da ta Pang Guilan a ɗakin awo na tashar sayen auduga ta gundumarmu, can gefen birnin Dezhou. Aikinmu duba ko auduga ta ƙosa. Mukan tsefe ta sili-sili, mu jera a kan gilashi, mu leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu. Silin da ya ƙosa kauri gare shi. Wanda bai ƙosa ba kuwa a shafe yake, ba ya jure kaɗi, ba ya shan rini.

Guilan gajeruwa ce mai yawan dariya. Mahaifinsu ya rasu tun tana ƙarama, sai yayanta Dehai ya bar makaranta ya kama noma don ita ta yi karatu. Kowa a tashar ya san wannan, domin ba ta gajiya da faɗa.

Bayan gwamnati ta raba wa kowane gida gonarsa, wata shekara Dehai ya jira ya girbe alkama kafin ya shuka auduga, sai ya makara. Sanyi kuma ya sauko da wuri, raɓa ta daskare a gona tun auduga ba ta gama buɗewa ba. Ya tuge itatuwan ya shanya a rana har ƙwallayen audugar suka fashe. Ga ta fara tas, sai dai babu ƙwari.

Ranar da ya kawo ta a keken jaki, ya same mu muna cin abincin rana, ya zube mana jajayen magarya a tebur.

"Ƙaramar malama," ya ce wa Guilan, "idon nan na gani kuwa, ko in sayo miki tabarau?"

"Ka fara sayen hula tukuna, Yaya, sanƙon nan na kashe mana ido."

Muka yi ta dariya. Da zai fita ya rage murya, ya ce mata yana so ya sake rufin ɗakin Inna kafin ƙanƙara ta fara zuba.

Da aka shigo da audugarsa, na ce ta bari ni in duba. Ta ƙi. Ta ce ko wa ya duba, abin da ke ciki shi ke ciki, gara ya ji daga bakinta. Ta daɗe sunkuye a kan madubin, ta canja gilashi, ta sake canjawa. Ƙarshe ta ba audugar daraja ta ƙasa, ta fita ta same shi a tsakar tashar. Ina jin su ta taga.

"Da na san abin da za a koya miki ke nan," ya ce a hankali, "da na bar ki kina tsintar auduga tare da mu."

Ya ja jakinsa ya tafi.

Da bikin sabuwar shekara ta je gida da tsaraba. Tana shiga ta ƙofar gaba, ya fice ta baya. Da bazara ta kama ya bar gonar a hannun matarsa, ya tafi haƙar kwal a lardin Shanxi. Can ƙura ta cinye masa huhu. Sa'ad da aka dawo da shi asibitin gunduma, Guilan ta riƙa kai masa kunun gero kullum. Yakan sha, ya yi godiya, ya tambayi lafiyar Inna. Amma "Ma'aikaciya Pang" yake kiranta, har ya rasu.

Bayan an binne shi ta dawo aiki, ta zauna ba ta taɓa komai ba. Can ta ce mini, "Yaya Suyun, na sake duba audugar nan a zuciyata ban san adadi ba. Ba ta ƙosa ba. Ina ma a ce kuskure na yi."

Ba ta cika shekarun aikinta ba ta ajiye. Ta koma ƙauye ta yi jinyar Inna har ita ma ta tafi. Yanzu tana zaune da matar Dehai, suna noman tafarnuwa. Nakan kai mata ziyara da kaka, mu yi hirar ciwon gwiwa da jikokina, ta raka ni bakin titi in hau mota.