Mai Tsaron Raga a Kan Ƙanƙarar Riyad

Ladan bai sauke kiran assalatu ba muka bar Zariya, ni da yayata, a motar wani tsohon ɗalibina wanda har yau yake tsoron gudu in ina ciki. Hanyar Kano kun san ta: inda aka gyara ka yi gyangyaɗi, inda ake kan gyara ka yi istigfari. Daga Kano jirgi ya ɗauke mu zuwa Alƙahira, muka wuni a kan kujerun ƙarfe, na sayi shayin da kuɗinsa zai shayar da ɗakin malamai gaba ɗaya, kuma bai yi zafi ba.

Masu tambayata ko Umara na je, a'a. Riyad muka nufa, kuma aike ne ya kai ni. Ɗan yayata na fari, Mansur, gola ne, amma ba na ƙwallon da kuka sani ba. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin ofishin jakadanci a Kanada yaron yana ƙarami. Can ya koyi hoki, wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara, da iyali suka dawo gida shi ya tsaya. Ya yi shekaru yana tsaron raga a ƙananan kulob na Turai, a garuruwan da ni kaina, malamin labarin ƙasa, sai na lalubi taswira. Yanzu ya ba talatin baya da nisa, ƙugunsa ya cinye, likita ya ce a yi masa aiki ya bar wasa. Ya samu wurin koyar da yara a Riyad, har mun fara hamdala, sai wani kulob a arewacin Turai ya sake kiransa na kakar wasa guda, shi kuma yana shirin sa hannu. Likitan ya ce in ya je, yana iya ƙarasa rayuwarsa da sanda, ba ta wasa ba.

Yaya ba ta so ya je. Sai dai Yaya mutuniyar da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi doguwar magana da shi ba, kunyar ɗan fari. "Yaron nan" ne, in abin ya yi tsanani "wancan". Don haka ita ta taho da zuciya, ni aka ɗauko a matsayin baki. Tun daga Kwanar Ɗangora nake tsara jawabi, da aya da hadisi da karin magana, har da inda zan yi shiru.

Mun sauka Riyad da hantsi, zafin garin ya tare mu a ƙofa kamar an buɗe tanda. Mansur ya zo tarba, dogo, faffaɗan kafaɗa, yana ɗingishin da yake ƙoƙarin mayarwa taƙama. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ta amsa tana karanta wani allon talla da Larabcin da ba ta ji. Da zai miƙe sai da ya dafa keken kaya.

A Ulaisha yake zaune, unguwar tsofaffin gidaje da ƙananan kantuna, kusa da Batha. Titunan Riyad kuwa faɗi kamar filin idi, ba a yi su don mai ƙafa ba. Na gwada tsallaka ɗaya, na dawo da sabon ra'ayi game da ajali. Da safe gurasar tamis da waken ful, da rana shinkafar kabsa a faranti mai girman murfin rijiya, ga gahawa mai ɗaci da dabino duk inda ka zauna. Shinkafar ba laifi, amma mutanen nan suna da gaba da yaji. Ya kai mu Dira, muka ga ganuwar Masmak, ginin ƙasa da aka killace ana zuwa kallo. Yaya ta duba sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai gidan Baffa ne a cikin birni, bambancin nasu an share."

Duk lokacin da na gyara murya zan fara jawabina, sai ya tare shi kamar yadda ya saba tarewa.

"Kawu, ya isa, ka ci abinci tukuna. Akwai wasa ranar Juma'a, bayansa sai mu yi magana."

A masallacin unguwa na ga abin da ya hana ni cin abincin. A ƙarshen sahu ana jera kujeru don tsofaffin da ba sa iya sujada. Can Mansur ya zauna, tsakanin dattawa biyu masu furfura, kuma sun san shi, har ɗaya ya gyara masa kujera.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi. Filin yana tsakiyar wani katon kantin zamani, ƙanƙara shimfiɗe tsakanin masu sayar da takalma da masu sayar da turare, an kewaye ta da gilashi. Yaya ta ce ita ba kallo za ta ba, turare za ta saya. Ta zauna a gefena ta juya wa filin kafaɗa, ta fiddo carbi. Ni kuwa da 'yar shadda ta mai shara-shara, na zo hamada na kwashi sanyin da ban taɓa ji a Jos ba.

Wasan na ma'aikata ne baƙi, Turawa da Larabawa da 'yan Asiya. Suna sa takalmi mai wuƙa a ƙasa, suna sulu kamar kifi. Ƙwallonsu wata baƙar roba ce mai faɗin murfin gwangwani da taurin dutse, ana kora ta da sanda. Da Mansur ya fito ban gane shi ba: katifu a ƙwauri, hular ƙarfe mai raga a fuska, hannu ɗaya kamar faifai. Na yi aikin koyarwa har na gaji, ban taɓa ganin sana'ar da gaba ɗayanta ita ce ka tsaya inda kowa yake jifa ba. Duk sanda abin ya taho sai ya zube a kan gwiwa, ƙafafu a ware, ya miƙe, ya sake zubewa. Kuma ya iya. Abin da idona bai gani ba, hannunsa ya riga ya cafke. Na kama kaina ina tafi, ni da aka aiko in hana.

Can wajen ƙarshe ya miƙa ƙafa ya tare wata, wani ƙato ya kasa tsayawa ya faɗo masa a ƙugu. Ƙaton ya tashi. Mansur bai tashi ba. Fili ya yi tsit, sai kiɗan kantin da bai san abin da ake ciki ba.

Ban ga lokacin da Yaya ta miƙe ba. Ji na yi an doki gilashi da tafin hannu.

"Mansur! Mansuru! Tashi!"

Hular ƙarfen ta ɗago daga ƙanƙara, ta juyo wajenmu. Mutum biyu suka kama shi suka fitar.

A mota abokin aikinsa ne ya tuƙa, shi yana gaba a kishingiɗe da ƙanƙara a ƙugu, mu muna baya. Da muka yi nisa Mansur ya waiwayo.

"Kawu, wa ya kira ni ɗazu?"

"Mutane da yawa ne a wurin," na ce.

"Kawu."

"Ita ce."

"Ni salati na yi," in ji Yaya, tana duban taga.

Ya yi 'yar dariya, ciwon ya katse ta. Ya ce, "Ƙasa nawa aka kira sunan nan, kowa da yadda yake murɗe shi. Wallahi ban san haka yake ba." Sannan ya ce, "Kawu, ka gaya mata ba zan je ba."

Tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, amma aike aike ne. Na juya na ce, "Yaya, ya ce ba zai je ba."

"Ka ce masa Allah ya yi albarka."

Kada ku ɗauka murna aka yi. Washegari na same shi zaune a gaban kayan wasansa ya baza su suna shan iska, ɗakin duk warin tsohon gumi. Ya ce, "Kawu, tun ina firamare abin da na iya ke nan, in tsaya in tare." Na zauna kusa da shi. Ya buga wa likita waya a gabana, ya ce a sa ranar aikin.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, kujerun Alƙahira suna nan yadda muka bar su. Muka shiga Zariya ana sallar magariba, ni da mura, Yaya da jakar turaren da sai a filin jirgi ta tuna ta saya.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, kuma na same shi da tsada. Mutum yana iya tare komai shekara da shekaru, likita da dangi da ciwon jikinsa, in dai daga gaba suke zuwa. Mu kuma masu kunya mukan adana magana kamar zinariya, har wanda aka adana dominsa ya kusa gurguncewa bai ji ta ba. Ban ce a bar al'ada ba, ni ma a cikinta na tsufa. Amma da na raka Yaya ƙofar gidanta, ta tsaya da makulli a hannu ta ce, "Malam, in za a yi wa yaron nan aikin, ni zan je jinya. Ba sai ka wahala ba."