Tabarmar Kaka a Zauren Sarkin Zango

Ƙamshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi, har gobe in ya bugi hancina sai na tuna kakata a Salaga. Ita ce Magajiyar matan zango, unguwarmu ta Hausawa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci takan shimfiɗa tabarmarta a bakin zauren Sarkin Zango, a miƙo mata goronta kamar kowane dattijo, ta faɗi kukan mata: rikicin rijiya da rani, mijin da ya tafi fatauci Bawku bai bar hatsi ba.

Sai babana ya dawo daga karatu a Yendi, rawani sabo, ilimi na tafasa. Ya ce mace a majalisar maza abin kunya ne, addini bai yarda ba. Liman, tsoho mai sanyin murya, ya ce masa, "Malam, Manzon Allah ma ya saurari mata, ya karɓi shawararsu." Babana bai sauko ba.

Kaka ba ta yi musu da ɗanta ba. Ta naɗe tabarma ta ce, "To, kai ka ji kukansu."

Mata suka riƙa zuwa gidanmu. Masu rikicin rijiya ya iya da su. Amma ranar nan, da damina, wata yarinyar mace ta zo da goyo, ta durƙusa nesa da shi. Ya tambaye ta damuwarta, kansa a sunkuye, ita ma nata a sunkuye. Ta gyara goyonta. Can ta ce, "Ba komai, Malam, gaisuwa na zo." Ba a yi mako ba aka ce ta bi ayari ta bar garin, ba wanda ya sake jin ɗuriyarta.

Juma'ar da ta biyo, babana da kansa ya ɗauki tabarmar ya kai zaure. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Yau jikata ke neman kujerar majalisa, samarin gidanmu suna maimaita maganar babana, su ma da hujjojinsu. Ni ba malama ba ce, ba na ja da su. Labarin matar nan kawai nake ba su, in gaya musu har babana ya koma ga Allah yana tambayar Kaka ko ta san abin da ta zo faɗa. Ita ma ba ta sani ba.