Damben da Ƙanena Bai Tuna Ba

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha a Sakkwato, ni da ƙanena, ba da son raina ba. Shi kuwa sai murna yake, wai yau zai shiga damben kaka a wani ƙauye kusa da Dandin Mahe. Innarmu ta hana, ya ƙi hanuwa, shi ya sa ta tura ni in dawo mata da shi lafiya. Ni da ko kaza ba na iya riƙewa a yanka.

Yaron ya daɗe yana koyon kareti, irin wanda ake dukan gaske. Gwaninsa wani ɗan Burazil ne da ya yi suna a karetin, daga baya ya koma damben zamani mai haɗa naushi da harbin ƙafa. A cikin bas ma bidiyonsa yake nuna mini: mutum dogo, ya ɗaga gwiwa kamar zai harbi ciki, sai ƙafar ta juyo ta sauka a wuya. Na lura a wasanninsa na kareti hannuwansa a ƙirji suke, a na damben kuma ya rufe fuska da su. Na tambayi dalili, ƙanena ya ce a karetinsu an hana naushin fuska, shi ya sa ba sa tsare ta. Hankalina ya tashi.

A Bodinga muka karya da waina da miyar taushe. Kuɗin mota ya hau, direban kuma ya cusa mu da buhunan albasa har idanuna suka yi ta ruwa, mutane suka zaci kuka nake. Daga Shagari muka hau babur, muka ratsa gonakin da aka girbe gero, dammuna jingine ko'ina.

Da la'asar fili ya cika, kalangu yana tashi. Aka naɗe wa ƙanena hannun dama da zare, aka haɗa shi da wani ɗan mahauta, gajere mai kaurin wuya. Ɗan damben gargajiya yakan miƙa hannun hagu gaba ya kare kansa. Nawa kuwa ya tsaya tsayuwar kareti, hannuwa a ƙirji, fuska a buɗe. Wani dattijo kusa da ni ya taɓa kafaɗata.

"Malam, ƙanenka na? Hwaɗa mai shi ɗaga hannu. Nan huska aka nema."

Na yi ta kiran sunansa, kiɗa ya danne muryata. Ya kai harbin nan na ɗan Burazil, ya sami kafaɗa, jama'a suka yi shewa. Kafin ƙafarsa ta dawo ƙasa naushi ya same shi a gefen kunne. Ya zube, bai ko kai hannu ya tare ƙasa ba.

Ban san yadda na isa wurinsa ba. Aka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido, ya tashi, har ya yi dariya. Na yi hamdala. Muna kan babur sai ya ce, "Yaya, an hwara damben?" Na ce an gama. Kafin mu kai Shagari ya sake tambaya, a cikin bas ya sake, kowane karo da fara'arsa, kamar bai taɓa tambaya ba. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na faɗuwarsa.

Muka sauka a Bodinga aka duba shi, aka ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, a wuce da shi babban asibiti. Can aka yi hoton kai, Allah ya sa babu jini, aka hana shi wasa har sai likita ya yarda.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya shiga filin wasu, ya fara sanin inda suke duka. Ɗan Burazil ɗin ya sake koyon tsayuwa kafin ya canza wasa, ƙanena kuwa harbin kawai ya ɗauka.

Yanzu muna gida, yana cin tuwonsa, yana tsokanar Inna kamar da. Amma da ta tambaye shi yadda ƙauyen yake, sai ya juyo ya dube ni. Bai tuna bas ba, bai tuna fili ba. Mu biyu muka yi tafiyar nan, ni kaɗai na dawo da ita.