Shaidar Mushen Guéné

Shekarar da na gama lakwal, wato makarantar boko, wani mai biro, wato ofishin cike takardun kwastan da muke kira duwan, a bakin gadar Malanville ya ce zai ɗauke ni aiki, amma in zo da kwamfutata ta hannu, don tasa ko ɗan cikinsa ba ya ba aro. Inna ta ji. Kasuwa na zagayowa ta aika ƙauyen Madécali aka koro saniyarta, wadda ta gada daga mahaifiyarta, aka sayar. Ita kaɗai ce abin da ta mallaka mai numfashi.

Kuɗin saniyar bai kai ga kwamfutocin da kowa ya san sunansu ba, sai tsofaffi masu ɗaurin salatif. Wani mai shago ya fito mini da wata sabuwa dal a kwali, siririya, sunanta ma ban iya faɗa ba. Farashinta ya yi mini daidai, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Mu 'yan albasa ne. A gidanmu ba a sayen buhu sai an zazzage an ga ta ƙasa. Don haka na duƙufa bincike a salula, ina bin inuwar darbejiyar da ake samun layi a gindinta. Na karanta yabo da Faransanci, na lallaɓa na Ingilishi. Wannan ya ce ba ta da na biyu, wancan ya ce shara ce, wani kuma kwalin kawai ya yaba. Kullum in tashi da ciwon kai, ban fi jiya sani ba. Tsoro nake ji ƙwarai, don na san babu wata saniya a bayan wannan.

Inna ce ta katse ni. Ta ce mutanen nan na cikin salula, in abin ya lalace, ƙofar wa zan je in tsaya? A wajenta shaida ita ce ta mutumin da ka san gidansa. Na shiga cigiya, daga 'yan kabu-kabu har masu cajin waya, har aka ce wani Mushe, wato malamin lakwal, a garin Guéné yana da irinta sak.

Na hau babur na same shi. Mutum ne mai fara'a, ya shimfiɗa mini tabarma, aka miƙo fura ta bayan labule. Ga kwamfutar a kan tebur, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado. Na ce, "Mushe, ƙaƙa kag gan ta?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kaya ne na ƙwarai, ba mu da abin cewa."

Na so ya kunna, ya ce an ɗauke wuta tun safe, batir kuwa ya sauka. Ban matsa ba. Wa zai sha furar mutum kuma ya ce sai ya gani da idonsa? Na dawo da murna, na saya.

Ta yi aiki har sanyi ya wuce. Da bazara ta kama, irin zafin garinmu da ke sa kwalta ta yi laushi, sai ta fara huci, ta riƙa ɗaukewa ana tsakar aiki, direbobin manyan motoci tsaye a kaina suna tsaki. Wata rana da azahar ta ɗauke, ba ta sake dawowa ba. Masu gyara a nan da gawar wata suke tayar da wata, su ciro daga matacciya su sa wa mai rai. Tawa ba ta da dangi. Na tsallaka gada zuwa Gaya, amsar ɗaya. Mai shago ya ce shi ma sayowa ya yi. Mai biro ya yi mini haƙuri iya nasa, sannan ya ɗauki wani.

Mushen kuwa na haɗu da shi a tasha daga baya. Ya sunkuyar da kai, ya ce tasa ta riga ta mutu tun kafin zuwana. Surukinsa ne ya ba shi kyauta, kuma ranar matarsa, ɗiyar mutumin, tana bayan labule tana ji. Na so in zage shi, amma na juya na tafi. Baƙin cikin da na ji a tashar nan har yau bai gama sauka ba.

Ban gaya wa Inna ba. Kullum da safe in rataya jaka in fita, in yini a rumfar albasar kawuna, da yamma in ajiye kwamfutar a tebur. Inna ta ɗinka mata ƙyalle, ita ke kakkaɓe shi.

Ana nan wata maƙwabciyarmu ta shigo. Ɗiyarta za ta jami'a, sun ga irin tawa a shagon, an ce ni ne na san ta. Inna na zaune tana tsince shinkafa. Na dubi matar, na dubi Inna, na ji bakina yana cewa alhamdu lillahi, kaya ne na ƙwarai. Matar ta yi godiya ta fita.

Inna ba ta ɗago daga faifan ba. Ta ce, "Tashi ka cim mata kahin ta kai gida. Ita ma akuyoyinta za ta saida."

Na miƙe ina neman takalmina.

Ta ce, "Tun bazara ban ƙara jin kukan kwamfutarka ba. Tawa saniya ta tahi, kak ka bari nata su bi ta."