Mai Korar Tsuntsu a Bakin Teku

Ni da taubashiyata a gonar gero muka girma, can wajen Mamudo. In gero ya fid da kai, mu ake ɗorawa kan rumfa da gwangwani cike da tsakuwa, mu wuni muna korar jan-baki. Ba yabon kai ba, murya irin tawa ba a sake yin ta ba a yankin nan. In na ce "Haaa!" daga gonarmu, har tsuntsayen gonar maƙwabta sai sun tashi. Ita kuwa ihu ɗaya take yi muryar ta dushe.

Yanzu duk mun tsufa a Hausari, gida na kallon gida. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, sai bakin nan nata da bai san ciwo ba. A bazarar da babban ɗana, mai kai shanu Legas, ya ce zai tafi da ni in ga mazauninsa, na shiga yi mata sallama.

"To, uwar yawo," in ji ta, "an ce teku ma da tsuntsayensa. Me suke ci a inda ba gero? Ki kawo mini hotonsu in gani. Amma da hannunki. Ban da irin wanda yara ke zarowa a waya, ki zo ki ce ke kika ɗauka. Na san halinki."

Na bugi ƙirji na ce an gama. Ina fita gabana ya faɗi, don iyakar sanina da waya, in ta yi ƙara in danna kore in kara a kunne.

Ana gobe za mu juyo gida ɗana ya kai ni bakin teku da safe. Jama'a, ruwa! Ruwa har inda sama ta ƙare, yana ta zuwa yana komawa kamar ya manta wani abu. Na tuɓe takalmi na miƙa masa, na taka. Sai ga ruwan ya taso mini. Na kwasa da gudu, ni da rabona da gudu tun ina goyon autana, zani ya jiƙe sharkaf, ina dariya har da hawaye.

Sannan na ga tsuntsayen. Wasu 'yan mitsi-mitsi masu saurin ƙafa, suna bin ruwa in ya koma, suna tserewa in ya dawo, kamar masu talla in mota ta tsaya a tasha. Wasu kuma farare, da baƙar hula a ka, su tsaya cak a sama, su faɗo tsulum kamar an jefa dutse, su fito da abu yana ƙyalli a baki. Na ce, "Ashe kifi ne!"

Ɗana ya saita mini waya. "Inna, ki miƙa hannu ki danna nan. Amma sai kin yi shiru, kin lallaɓa."

Ni! Ni zan lallaɓi tsuntsu? Amma alkawari na ɗauka. Na duƙa ina sanɗa, awarwarona na ta ƙara, in na matsa su matsa, in na tsaya su tsaya suna kallona a kaikaice. Na danna, na danna. Da muka duba, ga sama ba komai, ga ƙafata cikin rairayi, ga kuma cikin hancina ƙato, don wayar ta juyo kaina ban sani ba. Ɗan nawa da gemunsa fari ya zauna dirshan yana riƙe ciki.

"Inna, kawo in ɗauka miki. Wa zai sani?"

"Ita za ta sani. Ba ka san mayyar ba."

Rana ta ɗaga. Can sai farare masu hular nan suka sauka gabana garke guda, suka rufe rairayi. A cikin waya kuwa kamar an watsa shinkafa, ba mai cewa tsuntsu ne. Ina tsaye ina kallon tsuntsu ya taru haka a wuri ɗaya, sai na ji wani abu ya taso mini daga ƙirji, abin da ya kwanta tun ina budurwa. Na ɗaga waya sama.

"Haaaa!"

Suka tashi gaba ɗaya. Iskar teku ta kwaso su ta bisa kaina, fuka-fuki ko'ina, ina danna waya ina ihu ina tsalle. Masunta da ke gyaran koma suka miƙe a firgice. Ɗana ya rufe fuska da hula. Tsuntsayen suka yi kewaye suka dawo suka sauka inda suke. Tunda nake, ranar na fara murnar tsuntsu ya dawo bayan na kore shi.

Hoto ɗaya ya fito. Sama cike da fararen fuka-fuki, sai dai gefe guda babban yatsana ya tare, jajir da lalle. Ɗana ya ce a yanke wajen. Na ce kada ya taɓa, ya je ya ɓata mini ɗan guda ɗayan.

Da muka dawo gida, ko kaya ban kwance ba na shiga wurin taubashiyata. Ta kai wayar har kan hanci, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ƙaton yatsan mai lalle a karkace," in ji ta, "ko a kasuwar shanu na tsince shi zan gane mai shi. Ke kika ɗauka." Ta sake dubawa. "Ya aka yi suka tashi lokaci ɗaya haka?"

"Me kike tsammani?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta cika baki ta ce "Haa," kajin tsakar gidan ko kai ba su ɗaga ba. Na ce matsa ki gani. Na saki tawa, kaji suka haye katanga, surukarta ta fito daga madafa da muciya a hannu tana salati.

"To me suke ci?" in ji ta, tana share ido.

"Kifi."

"Kifi? Kai! Da can aka haife mu da mun huta."