Kailu da Sankarar Goro

Kailu jikana ne. Tun yana lakwal, makarantar boko, a unguwar Treichville nake kiransa Mushe, yadda ake kiran Bafaranshe, don in ya yi Hausa sai ka ce tsakuwa yake taunawa. Ya yi karatu har ya samu aiki a wani gidan binciken noma na gwamnati, farar riga, tabarau, ga wuya kamar na zalɓe.

Abin da ya tsaya masa a rai sankara ce, tsutsar da ke cin goro. A mangazar ubansa Mati, ɗakin ajiyar goro a kasuwar Adjamé, garin guba ake barbaɗa wa huhu, kuma yayarsa Hajo ce ke zaɓen goron da hannu. A 1979 hannun ya soma rawa, ga tari. Kailu ya ce zai nemo hanyar ajiye goro ba guba, in an ba shi kuɗin bincike.

Na ce, "Wa zai ba ka, angona? Anasara na cin goro ne? Kuɗin na kakawo ne, wato koko, da kafe, masu hawa jirgin ruwa."

"Kaka, akwai komite. Kimiyya ce fa."

"To, a gai da komite."

Ranar zaman, Kailu ya cika kwalba da ruɓaɓɓen goro zai nuna musu. Mati ya tare ƙofa. "Tsutsa za ka ajiye gaban manya? A ce ɗan wa?" Ya zaɓo farare manya-manya marasa tabo, ya naɗe a ganyen fita, don ba a zuwa roƙo hannu rabbana. Yaron ya bi maganar uba.

Shugaban komite ya fasa ɗaya, ya ga ciki fes. Ya ce goro mai lafiya haka, me bincike zai yi masa? Ni dai na san ko tsutsar ce ta yi musu Faransanci ba za su bayar ba, amma an sauƙaƙa musu. Sashen kakawo ya yi sabuwar mota. Aka ce Kailu ya dawo baɗi. Baɗi aka ce ƙasa ba kuɗi, aka rage ma'aikata, da shi aka fara. Yau tikiti yake yanka a tashar motar Bassam.

A shekarun nan ya roƙi Hajo ta bar mangaza. Ta ce, "Patron, babban oga, kai za ka ciyar min da yara?" Ta rasu a 1984, ko kofi ba ta iya riƙewa.

Ana gama sadakar bakwai, ƙanwarsu Zalihatu ta zauna a tabarmar zaɓe. Kailu ya sayo mata safar roba. Ta sa, ta lalubi goro, ta ce ba ta jin mai sankara a yatsa. Ta cire ta ajiye.